"Ba" Ɗin Da Na Yanke A Karatun Malam

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi, nan aka yanke cibiyata, nan nake zaune har gobe. Makaho ne ni tun 2015, sana'ata kuma gyaran murya a kwamfuta: karatun malamai, sanarwar aure da suna, tallan masu shago, wani lokaci har tsofaffin kaset. Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi jim tukuna, sannan ya ce, "To wa yake danna maka?" Tambayar nan ta ishe ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarin sau ɗaya da hannuna, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Ba da makanta aka haife ni ba. Na tashi a hannun kawuna, mai hayar kayan sauti. Duk inda ake aure ko maulidi ko addu'ar arba'in, daga Asawase zuwa Sawaba har Tafo, mu ne da ɗaukar lasifika a ka, mu ne da jan waya ta kan rufin mutane. Daga baya Kawu ya sayi tsohuwar kwamfuta don ɗaukar wa'azi, ni aka damƙa wa. A lokacin da ido nake aikin. Murya takan fito a allo kamar haƙoran zarto, inda aka yi magana ta yi tudu, inda aka yi shiru ta kwanta. In malam ya yi tari, ba sai na saurara ba, ina ganin tsinin tarin, in ja linzami in share. Ina iya gyara karatun awa guda ina hira da abokai, kunnena yana wani waje.

A 2013 aka ce min ina da hawan jinin ido. Ciwon nan ba ya zafi, kuma ta gefe yake fara ci, sai ka riƙa karo da bakin ƙofa kana cewa rashin kula ne. Likita ya ce maganin ɗigawa kullum har ƙarshen rai, kuma abin da ya riga ya tafi ba zai dawo ba. Na ɗiga na wata huɗu, kuɗi suka yi wuya, wani ya kawo na gargajiya ya ce sati uku ne. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Sauran ganin ya ƙare a 2015, shekarar da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, ta fi tsanani. Sau da yawa na zauna a ɗaki ina tsine wa masu ɗauke wuta, alhali fitila na kunne a saman kaina.

Shekara biyu na yi ban taka ƙofar gida ba sai ranar Juma'a. Matata ce ta riƙe gidan da kokon da take sayarwa da safe, Allah ya saka mata. Wata rana gwaggona ta zo, ta zauna bakin gado, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗana, akwai yaron ƙanwata ba ya komai. In kana so ya riƙa riƙe maka sanda, ku ɗan fita wajen Babban Masallaci da kasuwar Kejetia. Ba abin kunya ba ne." Ban yi fushi da ita ba. Abin da ta sani ke nan, kuma makafinmu da ke zaune bakin masallaci ba su fi ni rashin zuciya ba, hanya ce ba a nuna musu ba. Amma daren nan ban yi barci ba.

Hanyar ta zo ta waya. Ɗan yayata ya kunna min TalkBack a Android ɗina, na ji waya tana faɗin abin da yatsana ya taɓa. Ta nan na shiga wani zauren WhatsApp na makafi, a ciki na haɗu da wani bawan Allah ɗan Asante, wanda ya yi makarantar makafi ta Akropong, yana koyarwa a nan garin. Da ya ji tsohon aikina sai ya yi dariya. Ya ce min, "Kai da aikinka na kunne ne, me ka zauna yi?" Na ce ai da ido ake yi. Ya ce da ido nake yi, ba da ido ake yi ba.

Mma ce ta sayar da wasu zannuwanta na ajiya, Kawu ya cika, aka sayo min tsohuwar laftof a Adum. Malamin nan ya sa min NVDA, manhajar da ke karanta duk abin da ke kan allo da murya. Kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka gina ta, Michael Curran da James Teh, tun 2006 aka fara. Akwai wata mai suna JAWS, ita ta kuɗi ce, in ba ka saya ba minti 40 take maka aiki sai ka sake tada kwamfuta. Mai neman na koko ina shi ina wannan? Wata uku na yi ina koyon madannai kawai. Yatsa ɗaya a kan F, ɗaya a kan J, inda ƙananan ƙusoshin nan suke, daga nan kake laluben sauran. Shekara nawa ina taɓa kwamfuta da ido ban taɓa lura da ƙusoshin nan ba.

Muryar NVDA da farko kamar an sa gwangwani a baki. A hankali kunne ya saba, na riƙa ƙara mata sauri, har ta kai in tana magana ba wanda ke fahimta a gidan sai ni. Yara suka sa mata suna "aljanin Baba". Muryar Turanci nake amfani da ita, saboda haka in ta zo kan Hausa sai dai haƙuri. "Tafsiri dare na uku" takan fito kamar Bature ya ƙware da tuwo. Wannan rubutun ma da nake yi, harafi-harafi nake bin wasu kalmomin kafin in yarda na rubuta daidai.

Sai muka shiga Audacity, manhajar gyaran murya, ita ma kyauta. Ranar farko na buɗe wani tsohon karatu, na danna doguwar maɓallin nan ta ƙasa, murya ta tashi, na sake dannawa ta tsaya. Na zauna ina jiran zanen zarto ya fito min a kai, shiru. Malamina ya ce in manta da shi. Ga yadda ake yi: kana saurare, daidai inda kake so yanka ya fara ka danna maɓallin baka na hagu, wato [, inda kake so ya ƙare ka danna na dama, wato ]. Waƙafi da aya suna matsar da kai baya ko gaba da daƙiƙa ɗaya, in ka haɗa da Shift su yi tsallen daƙiƙa 15. In ka zaɓi wurin, kafin ka share sai ka danna C, ta jiyar da kai daƙiƙa biyu kafin wurin da daƙiƙa ɗaya bayansa, kamar an riga an yanke. In ya yi daɗin ji ka share. In ka ɓata, Ctrl da Z su dawo maka da shi. Ku riƙe maganar C ɗin nan, za mu dawo kanta.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne murya biyu a kunne ɗaya. Malam yana karatu, aljanin Baba yana surutu a kansa. Sai da na koyi danna Ctrl in rufe masa baki. Wata rana kuma na ɗauki sanarwar aure ban sa hedifon ba, makirufo ya kwashe muryar kwamfutar tare da tawa. Uwar amarya ta kira ta ce wane ne wannan Baturen da ke magana a bayan sunan 'yarta.

Da kunne na gano abubuwan da ido ya ɓoye min shekara da shekaru. Akwai wani gurnani da ke ƙasan kusan duk karatun da aka ɗauka daga amfilifayar masallaci. A allo da ƙyar ake ganinsa, a hedifon kuwa kamar ƙudan zuma a tulu. Wutar lantarkinmu ce, mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, take shiga waya in ba a haɗa ta da kyau ba. Ana tace shi a cire. Ƙarar fanka kuma sai ka fara ba manhajar samfurinta: ka zaɓi wurin da ba kowa ke magana sai fankar, ka ce mata wannan ce ƙarar, sannan ka zaɓi karatun duka ta rage. In ka cika hannu, malam zai koma kamar yana wa'azi a cikin rijiya. Shi ya sa duk inda zan ɗauki karatu nakan roƙi a ba ni shiru na daƙiƙa goma kafin a yi bisimilla. Samun shirun daƙiƙa goma a masallacin Zango, da yara da masu tari da masu shigowa da sallama, ya fi gyaran kansa wuya.

Wani malami a unguwarmu shi ya fara ba ni aiki na dindindin. Tafsirin azumi, kullum dare. A kawo min bayan tarawihi, in gyara, in mayar MP3 ƙarami, awa guda ba ta kai megabait 30 ba, don kada ya cinye wa mutane data. Kafin sahur almajiransa sun watsa a WhatsApp. Ban da cikakken karatun, nakan ciro gajeru na minti ɗaya ko biyu, su ne suka fi yawo. Shekarar farko lafiya lau. Kai ya fara girma. Har nakan ce wa matata ko ƙuda ya gifta gaban makirufo zan ji.

Azumi na biyu, wajen dare na goma sha bakwai, Malam yana bayani a Suratun Nisa'i kan sadaki. Mura na damunsa a daren, tari kowane minti. An kawo min aikin a makare, wuta ta ɗauke, na tambayi NVDA batir ta ce saura kashi 20. Sai na kama yanka da gudu: baka, baka, share. Baka, baka, share. Ban tsaya danna C ba ko sau ɗaya. Na ciro gajeren da ya yi min daɗi, na tura, na kwanta ina jin kaina gwani.

Da hantsi matata ta dawo daga wajen koko, ko tukunya ba ta ajiye ba. Ta ce, "Maigida, kai ka yi aikin Malam na jiya?" Na ce ni ne. Ta ce, "To saurara." Ta kunna wayarta daga zauren matan kasuwa. Sai ga muryar Malam tas, ba tari, ba fanka, yana cewa: "Ya halatta miji ya taɓa sadakin matarsa ba da yardarta ba."

Jikina ya yi sanyi. Na lallaɓa na buɗe ainihin ɗaukar, na nemo wurin. Abin da Malam ya faɗa shi ne "Ba ya halatta". Ya yi tari, kan tarin ya gama sauka ya ɗora "ba" a wutsiyarsa, ni kuma yatsana ya makara da abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Na kwashe tarin da "ba" ɗin tare. Abin da ya fi ci min rai, ko a gurɓataccen, mai kunne zai ji wani abu bai zauna ba. "Ya" ɗin da ke bin "ba" ƙasa take sauka, ta "ya halatta" kuwa sama take hawa. Da na saurara sau ɗaya da na kama. Ni mai jin giftawar ƙuda.

Magana zarar bunu. Kafin azahar abin ya kai Nima a Accra, ya kai Tamale. Mata suna zagi, wasu mazan suna turawa da alamar dariya, wasu kuma da ba sa ga maciji da Malam suka samu abin da suke nema. Ina zaune a ɗaki ina jin masu wucewa ta bayan taga. Wani ya ce, "Ai dama, wa ya aiki Malam ya ba makaho aikin inji?" Wani ya ce, "A yi masa uzuri, ba ya gani." Wallahi ta biyun ta fi yi min ciwo. Ina ruwan gani da wannan? Kunnena biyu lafiyarsu ƙalau, gaggawa ce da girman kai.

Bayan la'asar Malam ya aiko. Na ɗauki sanda, na bi bakin kwata a hankali har zaurensa. Na ji numfashin mutane da yawa. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, na yi kuskure." Wani almajiri ya fara cewa ai lalura ce, Malam ya katse shi. Ya ce, "Lalurar me? Da ido ake jin 'ba'?" Sannan ya juyo kaina. Ya wanke ni tas, a gaban kowa, bai rage komai ba. Ya ce na sa masa ƙarya a baki a cikin watan azumi, a kan haƙƙin mata, kuma in wani jahili ya ci sadakin matarsa da wannan muryar, in shirya amsa ranar gobe. Ya ce kuɗin daren nan ba zai biya ba. Ya ce kafin buɗa baki yana son gyararren, da ainihin wurin da tarinsa da komai, da kuma muryata ni kaina ina faɗin abin da na yi.

Na fito zauren idona na zubar da ruwa, amma ƙirjina wasai. Tun 2015 ba wanda ya yi min faɗa. Ko kofi na fasa sai a ce ba komai. Ko na yi wa Mma tsawa sai ta ce ciwo ne. Ranar nan aka yi min faɗan ma'aikaci, aka yanke min lada kamar kowa. Na gaya wa matata haka, ta ce in faɗa nake so da na faɗa mata tun tuni, tana da na shekara huɗu a ajiye.

Na yi abin da ya ce. Ɗaukar muryata ina cewa ni ne na yanke, laifina ne ba na Malam ba, sai da na maimaita sau shida. Da daddare shi ma ya yi bayani kafin ya fara karatu. Aikin bai ƙwace ba, har yau ni ke yi masa.

Bayan sallah na koma wajen malamina ɗan Asante na ba shi labari. Da ya gama dariya sai ya ce lokaci ya yi da zan koma REAPER, wata manhajar gyaran murya. Ita ba kyauta ba ce, ana gwada ta kwana 60, lasisin mai ƙaramin aiki irina dala 60. Ana haɗa ta da wani ƙari mai suna OSARA, wanda James Teh ɗin nan na NVDA ya fara, shi ke sa ta yi magana da makaho. Abin da ya kama ni da ita: in ka danna kibiyar hagu ko dama, kana jin muryar tana motsi a ƙarƙashin yatsanka, ɗan mitsi-mitsi, kamar yadda muke juya kaset da biro muna yara, sai dai wannan kana ji. Sai in taka a hankali har in ji inda tari ya mutu, in ji inda leɓe ya haɗu zai ce "b", in danna S in raba a tsakaninsu. Kuma ba ta taɓa ainihin ɗaukar, ko na yanke da yawa ina iya jawo bakin in dawo da abin da ya ɓuya. Ƙarfin murya ma, da nake kallon jan layi a da, yanzu lamba take faɗa min. Sifili ne rufi, in murya ta buga shi ta fashe, fasasshiya kuwa ba ta gyaruwa. Nakan bar malamai nesa da rufin, don na san halinsu: a fara a hankali, in an zo kan azabar kabari a ɗaga.

Ban yar da Audacity ba, ƙananan ayyuka da rage ƙara har yanzu a can nake yi. Kuma kada wani ya ɗauka komai ya zama sauƙi. Akwai kayan gyaran murya masu kyau da na ji ana yabo, na sauke, NVDA ta shiga ta ce "maɓalli, maɓalli, maɓalli", ba suna ba bayani. Wanda ya gina bai taɓa tunanin irina zai zo ba. Akwai ranar da na sabunta wata manhaja, abin da nake yi da dannawa biyu ya koma sai da linzami. Tun daga nan ba na sabunta komai a cikin azumi, kuma tsohuwar da na san tana aiki tana nan a filas. Masu kawo aiki ma iri-iri ne. Akwai wanda zai ce nawa ne, in faɗa, ya ninka ya ce sauran sadaka. Akwai wanda zai ce tunda taimaka min yake yi da aikin, ai sai in rage. Dukansu biyu kuɗin aikina nake karɓa, in tura canji ta momo, wato tura kuɗi ta waya, in ya kama.

Yanzu ɗan yayata, wanda ya kunna min TalkBack, yana koyo a wajena, idonsa garau. NVDA tana da wani labule da ake saukewa allo ya yi baƙi ƙirin alhali kwamfuta na aiki. Shi nake sa masa. Yakan yi ƙorafi, "Kawu, bari in ga zanen mana, ya fi sauri." In ce ya fi sauri, na sani. Doka ɗaya ce a ɗakin nan: ba abin da zai fita sai an saurare shi daga bisimilla har wassalamu, ko da batir zai mutu, ko da almajiran Malam sun cika waya da kira. In aka zo kan hukunci, halal ko haram, sai a buɗe ainihin ɗaukar a gwada jimla da jimla.

Gurɓataccen nan kuwa bai mutu ba. Gyararren bai yi rabin tafiyarsa ba. Kwanan baya wani da ban sani ba ya samu lambata, ya turo min shi daga Accra, ya ce suna gardama ne da matarsa, an ce ni ke ɗaukar karatun malamin nan, yana so in tabbatar masa muryar Malam ce. Na ce muryarsa ce. Na tura masa na asalin, da tarin a ciki, na ce ya sa hedifon ya saurari abin da ya biyo bayan tarin, sannan ya miƙa wa Hajiya ita ma ta ji. Ya buɗe, alamar ta nuna ya saurara. Har yau bai ba ni amsa ba.